Ƙasar da Kogi Ya Amayar

Bakin Jamuna, Sirajganj
Watan Magh

Assalamu alaikum, yayata Rowshan Apa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Turawanki da ruwan gishirinku. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarmu Ammajan tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko ana ba ki shinkafa a jirgin ruwan nan, ko burodi kawai kike ci kamar wadda aka kwantar a asibiti. Matata Jobeda da 'ya'yanmu mata su uku duk suna gaisuwa. 'Yar autar ta fara haƙori, ta mayar da kowa abin taunawa.

Na rubuta a takarda na ɗauka da waya yadda kika koya mini. In rubutun ya karkace, laifin gwiwata ne, ita ce teburina.

Apa, ki zauna da kyau kafin ki karanta. Kogi ya amayar da Kalaibari. Tun da ruwa ya janye bayan damina wani tsibiri ya fito a tsakiyar kogin Jamuna, daidai inda garinmu yake kafin kogi ya cinye shi, shekarar da muka kwance gida muka loda kwanon rufi a kwalekwale kina kuka kan littattafanki. Na je na taka shi da ƙafata. Yashi ne a gefe, amma tsakiyarsa laka ce mai laushi, irin wadda in ka jefa ƙwayar shinkafa za ta gode maka. Kin tuna yadda ake yi wa mahaifinmu Abbajan dariya don yana biyan harajin gonar da take ƙarƙashin ruwa har ya bar duniya? To, masu dariyar yanzu su ne ke gaishe mu tun daga nesa.

Sai dai ba mu kaɗai muka gani ba. Mutanen gidan Bepari sun ce tasu ƙasar ce ta dawo, har sun fara tara ƙartin da ke yaƙi da sandunan gora. Chacha Mozammel, ƙanen Abbajan da kika ce ko gaisuwarsa sai an duba ta, shi ne ya tsaya mana. Yana da takardun harajin duka. Ya ce saura abu ɗaya, kuma a hannunki yake. Tunda ke likitar ƙasa ce, ki rubuto takarda da hatimin jami'a cewa ƙasar tsibirin nan ita ce ainihin ƙasar Kalaibari. Ya ce alƙali na ganin "Dakta" a ƙasan takarda zai gyara zama.

Ki taimaka, Apa. Na gaji da zama a kan ganuwar da ke tare kogi. Ɗaki ɗaya, mu shida, bayan gida kuwa sai an bi layi da mutum hamsin. Na gaji da tura keken haya a gari alhali ni ɗan manomi ne.

Ki huta lafiya. Allah Ya dawo mana da ke.

Ƙanenki,
Mofizul

*

Cikin jirgi, Tekun Bengal
Fabrairu

Wa alaikumus salam, Mofi.

Na ga saƙonka, na yi murna da jin kowa lafiya. Ka gaya wa Ammajan akwai shinkafa, sai dai mai dafa ta bai taɓa son kowa ba a rayuwarsa. Ka sumbatar mini yaran.

Bari in gaya maka inda nake, don ka gane amsar da zan ba ka. Muna tsaye a tsakiyar teku, kudu da ƙasarmu da nisan da ya fi daga gidanmu zuwa Delhi. Ba tudu ko ta ina. Daga tsakiyar jirgin ake zura bututun ƙarfe, a haɗa wani da wani, har ya sauka zurfin da ya haura kilomita uku kafin ya taɓa ƙasa, sannan ya fara huda ta. Abin da ya cuso a cikinsa ake jawowa sama cikin doguwar roba mai kama da gora. A yanka ta gunduwa-gunduwa, a tsaga kowace biyu, a shimfiɗa mini a tebur. Aikina in duba in rubuta abin da na gani. Wani lokaci in an tsaga, warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke tashi, duk ɗakin a toshe hanci. Kuma in ina son in bambance laka tsantsa da mai ɗan yashi, sai in ɗan ɗebo in saka tsakanin haƙorana in ji ko tana ƙaras-ƙaras. Kada ka gaya wa Jobeda, za ta ce dama ta faɗa.

Ka san abin da nake gani? Yashin Jamuna. Wallahi shi ne, har da ɗan ƙyalƙyalin nan da yake manne mana a ƙafa in mun fito wanka. Daga duwatsun Himalaya yake. Ruwan sama da ƙanƙara suna gugar dutsen, koguna su kwaso garin, su wuce ta ƙofar gidanmu, su zubar a teku. Can ya taru a bakin gangare, ran da ya yi nauyi ya zame gaba ɗaya ya gangara cikin zurfi kamar ambaliya a ƙarƙashin ruwa. Kowace zamewa tana barin shimfiɗa guda, yashi a ƙasa, laka a sama. Shimfiɗa kan shimfiɗa, shekaru miliyoyi, har suka bazu a ƙasan teku kamar maficin kabar Ammajan, ƙugunsa a bakin kogunanmu, faɗinsa ya wuce Sri Lanka. Muna haƙawa ne mu karanta yaushe dutsen ya tashi, yaushe damina ta yi ƙarfi.

Saboda haka ƙasar Kalaibari ta tafi, Mofi. Wadda Abbajan ya noma tana wani wuri a hanyar teku. Wannan da ka taka baƙuwa ce, bara ko bara waccan ta baro dutse, ta tsaya hutawa ne. Ko da a wuri ɗaya ta tsaya da gonarmu, wannan aikin masu awon ƙasa ne da takardun haraji, ku bi ta nan, hakkinku ne. Amma in sa hannu cewa ƙasar ita ce ta da, ban iya ba. Ƙarya ce, kuma ƙarya mai arha. Ni abin da ya ba ni ƙyama ma shi ne Chacha bai taɓa tambayar me na karanta ba sai yau da yake son ya ari sunana ya goge ƙafa.

Ka shuka abin da za ka girbe kafin damina. Kada ka kafa abin da ba za ka iya ɗauka a ka ba. Kuma don Allah kada ka shiga cikin masu gora.

Ina gaida kowa. Allah Ya tsare.

Yayarka,
Rowshan Ara

*

Sirajganj
Watan Falgun

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata kuma uwata, Dakta Rowshan Ara, 'yar marigayi yayana Tofazzal Pramanik, Allah Ya haskaka makwancinsa. Aminci da albarka su tabbata a gare ki.

Bayan haka, Mofizul ya karanta mini amsarki. Na saurara da kunnen basira, na kuma gode wa Allah da Ya ba zuriyarmu mai ilimin da har ta san inda kowace ƙwayar yashi ta fito. Mu jahilai da muka sayar da saniya aka biya miki kuɗin jarrabawa ba mu da ta cewa. Na yafe miki takardar. Dama roƙo ne, ba umarni ba.

Sai dai a matsayina na uba ya wajaba in sanar da ke shawarar da manya suka yanke, don kada ki ji a bakin duniya. Kin sani, kowa ma ya sani, marigayi ya sha faɗa a ciwonsa na ajali cewa burinsa a kwantar da shi a ƙasar Kalaibari kusa da iyayensa. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin ruwa, dole muka kai shi maƙabartar bayan masallaci cikin baƙi. Yanzu Allah Ya dawo da ita. Wasiyya kuwa nauyi ce a wuyan masu rai. Na tuntuɓi wani malami, ya tabbatar mini cewa maƙabartar da yake ciki tana da damshi, kuma inda akwai lalura an halatta a ɗauke mamaci. Mahaifiyarki ta amince, har da hawayenta.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wata fa'ida da Allah Ya haɗa da wannan alheri. Kin san al'adarmu a bakin kogi. Ƙasar da uban mutum yake kwance a cikinta ba a korar 'ya'yansa daga kanta. Ko ɗan gidan Bepari, duk rashin kunyarsa, ba zai sa garma a kan kabari ba, kuma mai awon ƙasa in ya zo ya ga kushewa da bukka da itacen ayaba, ya san gari ya gani. Ta haka za a samu ƙasar ba tare da an fasa kan kowa ba, wanda na ji shi ne abin da kike tsoro.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle jirgin ruwa. Ki ci gaba da aikinki cikin natsuwa, ki sa mu a addu'a.

Wassalam. Mai yi miki fatan alheri kullum,
Chachanki, Alhaji Mozammel Pramanik

*

Cikin jirgi
Fabrairu

Mofi, salamu alaikum. Ina fatan Ammajan da yara suna lafiya.

Na karanta takardar Chacha a tsaye. Tir! Allah wadaran wannan shawara da bakin da ya furta ta. Wato da ya rasa hatimina sai ya ce a tono ubana a buga shi a ƙasa a madadin turke? Mutumin da ko ranar jana'izar bai shiga ramin ba don kada farar rigarsa ta ɓaci, yau shi ne mai kishin wasiyya? Ina malamin nan yake duk shekarun da maƙabartar take da damshi? Nawa ne mutanen da ke kwance a can, me ya sa damshin bai dami kowa ba sai wanda yake da gona?

Ka saurare ni da kyau. Jiya aka tsaga mana wata gunduwa da aka ciro daga can ƙasa sosai. A tsakiyar yashin sai ga guntun itace, baƙi ƙirin, kamar ɗan yatsana. Abokin aikina ɗan Japan har tafi ya yi don murna. Itacen tudu ne, Mofi, a wurin da babu tudu ko na tsayawar tsuntsu. A bakin wani kogi ya tsiro, wataƙila a kan tsibiri irin naku, lokacin da babu ko mutum a duniya. Kogi ya ci tsibirin ya miƙo shi nan. Ba shi kaɗai ba ne, kullum muna samun irinsa. Duk tsibiran da suka taɓa fitowa a kogunan nan, ga su a teburina an yanka su kamar gurasa. Ban ga wanda ya tsira ba. Naku ma zai tafi. Ko bana, ko baɗi, ko bayan shekara goma, ban sani ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani ƙarya yake. Amma zai tafi, da duk abin da aka binne a cikinsa.

Abbajan yana kwance lafiya a bayan ganuwa, ƙarƙashin itacen mangwaro, inda Ammajan take iya tsayawa daga bakin shinge ta yi masa addu'a duk Juma'a. Eh, ya ce yana son Kalaibari. Ni ma ina wurin. Yana nufin gidan da aka haife shi da tafkin da bishiyoyin kwakwa, ba tudun yashin da ko kare bai taɓa kwana a kai ba.

Ka karanta wa Ammajan wannan takarda daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake ko kalma. Ita ce mai iko, in ta ce a'a babu mai taɓa shi. Saura mako uku jirgi ya koma tudu. Ba ni da hanyar sauka kafin nan, da na biyo ruwa da iyo. Ku jira ni. Abin da nake roƙo ke nan, ku jira ni kawai.

In ka bari aka sa fartanya a kabarin nan, Mofi, ban san da wane ido zan ƙara kallonka ba.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya.
Rowshan Ara

*

Sabuwar Kalaibari
Ƙarshen Falgun

Assalamu alaikum, Apa. Da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Ki duba inda na rubuta a sama, ya ishe ki labari. An yi. Ranar Litinin da hantsi aka yi.

Na karanta wa Ammajan takardarki, amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba duka ba. Na karanta mata wajen itacen. Ta naɗe ganyen taunawarta, sannan ta ce, "Ita Rowshan tana can tana tono abin da Allah Ya binne tun kafin Annabi Adamu, ana biyanta, shi ne mu za ta hana mu ɗauke namu mu kai shi gida?" Daga nan ban ga amfanin ci gaba ba.

Ba a jira ki ba don 'yan Bepari sun riga sun kafa bukka biyu a kudancin tsibirin. Chacha ya ce in aka ƙara mako, sai dai mu kai Abbajan ya yi musu gadi.

Kina cewa abin ya ba ki ƙyama. Ke da kika karanta a takarda ke nan. Ni na shiga ramin. Chacha yana tsaye can nesa ƙarƙashin laima, ya toshe hanci da hankici mai turare, yana cewa, "A hankali, ɗana, a hankali, amanar Allah ce." Gorar da aka jera a kansa ta ruɓe ta rufta. Saiwar mangwaro ta shiga ko'ina, sai da na riƙa yankewa da wuƙa ina zarewa. Da hannuna na tattara shi, Apa, ina tankaɗe ƙasa da yatsu don kada in bar komai. Na gane shi da haƙorin nan na gaba da ya karye. Muna cikin kwalekwale, ina rungume da shi a cinya, ƙartin Chacha suna cin soyayyar shinkafa suna gardamar wasan ƙwallo. Da aka gama binnewa Chacha ya sa aka ɗauki hotonsa a gefen kabarin yana ɗaga hannu sama, ya ce a wanke guda biyu, ɗaya na lauya. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Har yanzu in na kai loma baki sai in ji warin ramin a farcena.

To amma ki ji nawa ɓacin ran. Ke kina da albashi, kina da ɗaki mai sanyi, kina kallon shekara miliyan a tebur kamar faranti. A wurinki shekara goma ba komai ba ce. A wurina shekara goma ita ce 'ya'yana su ci su ƙoshi su yi makaranta, babbar ta kai aure ba daga kan ganuwa ba. Kin ce tsibirin zai tafi. Wa ya ce miki ban sani ba? Mu da kogi ya kora sau uku? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin ce in bi ta masu awon ƙasa. Kin taɓa zama a bencin ofishinsu tun safe har la'asar a ce miki ki dawo jibi? Takarda ɗaya aka roƙe ki. Da kin rubuta, da Abbajan yana nan ƙarƙashin mangwaronsa. Kin tsare hannunki bai ɓaci ba, nawa ya ɓaci har gwiwa.

Dabarar kuma ta ci. 'Yan Bepari sun tsaya a kudu, ba wanda ya ɗaga gora. Na shuka shinkafar rani da gyaɗa. Jobeda ta dasa kabewa a jikin bukka.

Ki huta lafiya, in kin ga dama ki amsa.
Mofizul

*

Cikin jirgi
Maris

Mofizul, wa alaikumus salam.

Na karanta. Na sake karantawa.

Kada ka ɗora mini. Ban ba da fartanya ba, ban riƙe laima ba. Amma maganar hannunka ta shige ni. Chacha ban yi mamakinsa ba, kura ba ta taɓa cewa ita tunkiya ce ba. Kai ne ka tsallake rabin takardata.

Jiya aka kawo gunduwar ƙarshe daga rami na ƙarshe. Na ɗebo laka zan kai baki yadda na saba, hannuna ya ƙi. Na san sarai babu ƙashin kowa a ciki, ƙashi ba ya isowa nan, niƙewa yake tun a hanya. Duk da haka na kasa. Na ce wa shugabar ɗakinmu haƙorina ke ciwo, wani ya karɓi aikin.

In mun sauka ba zan biyo gida ba. Zan bi gunduwoyin zuwa Japan, inda ake ajiye su a ɗakin sanyi, akwai aikin wata shida a kansu. Da na yi niyyar neman hutu. Na fasa. Ba zan iya zuwa in tsaya a kan yashin nan in ɗaga hannu kusa da inda Chacha ya ɗauki hoto ba.

Ka gaida Ammajan. Ka ce mata aiki ne ya riƙe ni.

Rowshan Ara

*

Sabuwar Kalaibari
Watan Srabon

Assalamu alaikum, Apa.

Na san ba kya son ganin rubutuna. Wata biyar ina aiko gaisuwa ta bakin Jobeda kina amsa mata ita kaɗai. Yau dole ce ta sa.

Mun girbe shinkafa, ta yi kyau, ban taɓa ganin irinta ba. Wannan ke nan.

Ruwan bana ya zo da hauka. Tun farkon wata kogi ya juyo da bakinsa arewacin tsibirin, inda kabarin yake. Ba ambaliya ba ce, ci ne daga ƙasa. Kina tsaye sai ki ga tsaga ta bi ƙasa kamar an ja zare, sai gefen ya kife cikin ruwa da ƙara kamar an rushe gini. Gonar gyaɗa ta tafi. Itacen ayabar da muka dasa a gefen kabarin jiya na ga saiwarsa a waje.

Na je wurin Chacha a gari na ce a ɗauke Abbajan a mayar da shi. Yana cin kifi, bai ko ɗago ba. Ya ce masu awon ƙasa za su zo da zarar ruwa ya sauka, in suka tarar babu kabari duk wahalarmu ta tashi a banza. Na ce in kogi ya ɗauke shi fa? Ya tsame ƙaya daga bakinsa ya ce, "Ai akwai hoto." Wallahi Apa ban san lokacin da na tofar da yawu a tabarmarsa ba. Ya sa ƙarti biyu suna kwana a bukkar kusa da kabarin, wai gadi, kada 'yan Bepari su taɓa. Ni ake gadi.

Malamin da ya ce damshi lalura ne, yanzu ya ce tono biyu wulaƙanta mamaci ne.

Ammajan tana kan ganuwa wurin ƙanwarta, ba ta san kogi ya matso haka ba. Kullum sai ta tambaya ko ayabar ta yi 'ya'ya.

In na tono shi, Chacha zai janye takardun harajin, ƙasar ta zama ta Bepari ko tasa. In na bar shi, kin san sauran. Ba takarda nake roƙo ba wannan karon. Ki gaya mini kawai, ke ce babba.

Ƙanenki,
Mofizul

*

Japan
Agusta

Mofi, ƙanena, wa alaikumus salam.

Ka ɗauko shi. Yau, kada ka jira gobe. Bakin kogin da ya fara tsagewa ba ya jiran kowa, kuma abin da kake gani a sama ya riga ya rarake a ƙasa. Ka ɗaura igiya a ƙugunka, wani ya riƙe daga nesa. In ƙasa ta motsa ka fito, ko me ke hannunka, ko babu komai. Ka ji ni? Ka fito. Uba ɗaya na rasa, ba zan ƙara da kai ba.

Ƙartin nan ka ce musu su shiga ramin su taya ka in su masu gadi ne, za ka ga gudu. Maganar ƙasa kuma, in na zo ni da kaina zan zauna a bencin masu awon har su gaji da ganina. Abin da yake gaskiya zan rubuta shi da hatimi goma. Na nemi jirgin sama, zan iso cikin makon nan.

Ka yafe mini shirun da na yi.

Aparka,
Rowshan

*

Kan ganuwa
Srabon

Apa, salamu alaikum.

Na je da sassafe, ni da wan Jobeda. Ƙartin ba su hana ba, tun da suka ga tsagar suka koma kwalekwale. Na tarar gefen kabarin ta wajen ƙafafu ya riga ya faɗa ruwa. Na shiga da igiya. Na samu kai da ƙirji da hannu ɗaya. Ina miƙa hannu ga sauran ƙasa ta motsa, aka fizgo ni.

Mun mayar da shi ƙarƙashin mangwaro kafin azahar. Na sa sabon likafani, na naɗe shi da kauri don kada a ga ƙanƙantarsa. Chacha bai zo ba, ya aiko cewa ya janye takardunsa.

Ammajan ta tsaya a bakin shinge har aka gama. Da na fito ta kama hannuna ta ce, "Ka kawo shi duka?" Na ce duka.

Ta ce in kin iso za ta tambaye ki, don ke ba kya ƙarya, kuma ke kika san abin da kogi ke ɗauka. Jibi zan tare ki a tashar mota. Ki yi tunanin abin da za ki ce mata kafin nan.

Allah Ya kawo ki lafiya.
Mofizul